Kututture Bai Mutu Ba

A bayan gidanmu da ke Malali, a gangaren da ke kallon kogin Kaduna, muna da ɗan fili da muke shuka masara da kuɓewa duk damina. Shekara biyu da suka wuce, ana gab da saukar ruwa, ɗan yayata da ke karatun aikin gandun daji ya saɓi diga da gatari ya nufi wani kututturen kalgo da ya daɗe yana tsone masa ido a tsakiyar filin. Kowace shekara sai an sare shi, kowace shekara sai ya sake tohowa. Ya ce yau dai sai ya ga bayansa. Sara biyu ya kai, sai dattijon da ke gadin gidan maƙwabcinmu, mutumin ƙasar Maraɗi, ya leƙo ta kan katanga.

"Ɗana, dakata. Mi iccen nan ya yi maka?"

"Baba, ai ba itace ba ne. Mataccen kututture ne, wuri kawai yake cinye mana."

"To in ya mutu, wa ke aiko da ganyen nan?"

Ya zagayo ya shigo, ya tsuguna gaban kututturen kamar mai duba marar lafiya. Ya ƙirga tohon da ke jikinsa, sun haura goma, duk sirara, kowanne na neman danne ɗan'uwansa. Ya zaɓi huɗu da suka fi miƙewa. Sauran ya bi su da wuƙa mai kaifi, yana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Huɗun nan ya aske musu ƙananan rassa har rabin tsayinsu, ya yagi ƙyalle ya ɗaure su wuri guda saboda iska. Aikin duka bai kai minti goma ba. Da ya miƙe yana karkaɗe hannu sai ya dube ni ya ce, "Malam, mu can sassabin zamani muke ce ma wannan. Shi ya maido muna da daji."

Wannan magana ce ta sa na shiga bin diddigin labarin. Ga shi yadda ya faru.

A zamanin kakanni, ƙasar da ta tashi daga Maraɗi zuwa Damagaram ƙasar itatuwa ce: gawo, kalgo, sabara, magarya, aduwa, kuka. Manomi na shuka geronsa a tsakaninsu. A 1935 Turawan Faransa suka kafa dokar daji a ƙasashen da suke mulka a Afirka ta Yamma, suka mayar da daji hannun hukuma, suka keɓe wasu itatuwa da ba a taɓa su sai da izini. Nijar ta sami 'yancin kai a 1960, amma dokar dajin da ta yi a 1974 a kan wannan turba ta tafi. Gawon da ke tsakiyar gonarka, wanda ka gada wurin ubanka, na gwamnati ne. Ka sari reshe ba takarda, malamin daji ya ci ka tara. An yi dokar don a kare itace, sai ga shi ta koya wa manomi cewa itace a gona jan magana ne. Da ya ga tsiro ya leƙo, sai ya kawar da shi tun bai girma ya jawo masa fitina ba.

Ga kuma malaman gona suna ta kiran a tsabtace gona, saboda noman gyaɗa da garmar shanu ba sa shiri da kututture. Aka wayi gari manomin kirki shi ne wanda gonarsa take fetal. Jama'a na ƙaruwa, filin da ake bari ya huta na ƙarewa. Sai fari ya sauka daga ƙarshen shekarun 1960 har zuwa 1974, ya kashe dabbobi, ya busar da itatuwan da suka rage. Iska ta sami fili. Gero ya tsiro, ta kwaso yashi ta yanke shi ko ta binne shi, sai an sake shuka sau uku, sau huɗu. Mata na tafiyar sa'o'i neman itacen girki, in an rasa a ƙona kara da kashin shanu, waɗanda da an bar su da sun koma ƙasa sun zama taki.

Maganin da gwamnati da ƙungiyoyin agaji suka sani ɗaya ne, dashe. A reni dogonyaro da turare a leda, a kwasa a mota, a je a dasa. An dasa itatuwa kimanin miliyan 60, ko kashi 20 cikin 100 ba su rayu ba. Rana ta ƙona wasu, akuya ta cinye wasu, gara ta ƙarasa sauran. Wanda ya tsallake duk wannan kuma ba shi da mai shi, ballantana a ba shi ruwa.

Cikin masu shan wannan wahala akwai wani matashi ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo. Aikin gona ya karanta, ya zo Maraɗi da matarsa a 1981 a ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SIM, yana ɗan shekara 24. Ya koyi Hausa, ya shiga ƙauyuka yana rabon dashe. Shekara biyu yana kaiwa, yana komawa yana tarar da busassun tsinkaye a inda ya dasa. Mutanen ƙauye na karɓar sa da fara'a, su ba shi ruwa, amma hankalinsu na kan abin da za a ci gobe.

Wata rana a 1983 ya jawo 'yar tirela cike da dashe zai kai wani ƙauye. Yashi ya yi yawa a hanya, sai ya tsaya ya rage iskar tayoyi don motar ta samu ta wuce. Ya ɗaga kai ya duba gabas da yamma, kudu da arewa, bai ga inuwar da mutum zai fake ba. Ya dubi 'yan ledojin da ke tirelarsa, ya san ko zai ƙare rayuwarsa yana dasawa ba zai rufe wannan fili ba. Shi da kansa ya sha ba da labari cewa a wurin ya roƙi Allah ya buɗe masa ido. Yana cikin haka idonsa ya faɗa kan wani ɗan cunkoson ganye a gefen hanya, irin wanda ya wuce dubbansa bai kula ba, yana ɗaukar su ciyayin daji marasa amfani. Ya taka ya je ya sunkuya. Siffar ganyen ta itace ce. Ashe kututturen bishiyar da aka sare ne tun da daɗewa, saiwarta na nan da ranta a cikin ƙasa, tana turo toho.

A nan lissafin duka ya juya. Dashen da ke cikin leda saiwarsa ba ta wuce tsawon tafin hannu ba, sai ya yi shekaru kafin ya cim ma danshi, kuma galibi rani ke riga shi. Kututture kuwa ya riga ya gama wannan tafiya. Saiwarsa ta nutsa can ƙasa, ta san inda ruwa yake, tana da abincin da ta tara. Abin da ya hana shi zama bishiya shi ne sassabe da wutar da ake bin sa da su kowace bazara, sannan tohon sun yi yawa suna rabon ƙarfi ɗaya. A rage su, a kare na kirkin, sai su tashi da saurin da dashe ba zai taɓa kamowa ba. Irin waɗannan kututtura kuwa miliyoyi ne a gonakin ƙasar. Rinaudo ya kira su dajin ƙarƙashin ƙasa. Bahaushe ya riga ya faɗa: ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Ganewa daban, shawo kan mutane daban. Da ƙyar ya sami manoma kamar goma da suka yarda su gwada a gefen gonakinsu. Aka yi ta yi musu dariya, ana cewa sun bi mahaukacin Bature sun bar ƙazanta a gona. Da itatuwan suka fara tasawa, sai a bi dare a sare su, tunda a idon kowa itacen gona ba na mai gona ba ne.

Sai yunwar 1984 ta zo. Rumbuna suka ƙare, magidanta suka watsu neman abinci. Shirin da Rinaudo yake ciki ya shiga rabon hatsi a ƙauyuka kusan 100, da sharaɗin kowane manomi ya bar toho ya tashi a gonarsa, kamar itace 40 a kowace hekta. A haka aka raya itatuwa wajen 500,000. Da yunwa ta lafa aka daina rabo, kusan kashi biyu cikin uku aka sare su. Abin da mutum ya yi don tilas ba ya daɗewa a hannunsa. To amma waɗanda suka bar nasu sun ga abin da ba su zata ba. Geron bai ragu ba. Iska ta rage ɓarna, ganye na zuba yana taka ƙasa, dabbobi na kwana a inuwa suna barin kashi, ga itacen girki a bakin ƙofa, ga sanda da dirka na sayarwa a kasuwa. Maƙwabci ya leƙa gonar maƙwabci, gani ya kori ji. Daga nan abin ya bar hannun Bature, ya riƙa tafiya daga manomi zuwa manomi, a kasuwa, a wurin biki, a bakin masallaci.

Duk da haka, da doka ta tsaya inda take, da ba a je ko'ina ba. A watan Mayu na 1984 gwamnatin Seyni Kountché ta kira babban taron ƙasa a Maraɗi kan kwararowar hamada, inda aka yarda cewa yaƙin ba zai ciwu ba sai da hannun talakawa. Masu shirin suka lallashi jami'an daji na Maraɗi har suka amince su daina cin tarar manomin da ya amfana da itacen da shi ya rena. Kountché ya rasu a 1987, ƙasa ta shiga matsin tattalin arziki, ƙafar hukuma ta ragu a karkara, manoma suka ƙara ɗaukar itatuwan gonakinsu a matsayin nasu. Doka ta riƙa biyo su a baya: dokar karkara ta 1993, sabuwar dokar daji ta 2004, har zuwa watan Yuli na 2020 da Shugaba Mahamadou Issoufou ya sa hannu kan dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya raya ta wannan hanya.

Su ma ƙauyuka suka yi nasu tsarin. A Ɗan Saga, cikin yankin Agye, an kafa kwamitin da ya haɗa manoma da mata da Fulani makiyaya, ya tsara yadda ake sara, ya sa masu sintiri, ya yanke tarar wanda ya shiga gonar wani da gatari. Masanin daji Abasse Tougiani na cibiyar binciken aikin gona ta Nijar ya yi aiki tare da su shekaru. A ƙasar Damagaram kuwa manoma ba su ma jira kowa ba, al'adar iyayensu ta barin gawo suka koma wa. Gawo itace ne mai halin kansa. Da damina ta sauka sai ya zubar da ganye, ya bar wa gero rana, ganyen ya ruɓe ya zama taki. Da rani, lokacin da komai ya bushe, sai ya yi kore shar, ya ba da inuwa, ya zubo da 'ya'yan da tumaki da awaki ke ƙiba da su. Saiwarsa na ƙara wa ƙasa irin sinadarin da muke sayen takin yuriya dominsa. Tun kafin masana su auna, manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili zangarniya.

Abin mamaki, shekara 20 ana wannan aiki duniya ba ta sani ba. Rinaudo ya bar Nijar a 1999 bai san iyakar inda abin ya kai ba. Sai a 2004 wani masani ɗan Holan, Chris Reij, da ya san ƙasar tun tana fetal, ya dawo ya ga ƙauyukan da a da ake hango su daga nesa sun ɓuya cikin itatuwa. Gray Tappan na hukumar nazarin ƙasa ta Amurka ya ɗauko hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1975 ya gwada su da sababbi na tauraron ɗan Adam. Masani ɗan Nijar, Mahamane Larwanou, ya bi Magarya da Matamaye da Mirya da ƙafa yana ƙirgawa, yana tambayar manoma. Abin da suka samu: hekta kimanin miliyan 5 sun sake yin itatuwa, bishiyoyi wajen miliyan 200, ƙarin hatsi kimanin tan 500,000 a shekara, abincin mutum miliyan biyu da rabi. A wasu ƙauyukan Damagaram, matar da a da take cin sa'a biyu da rabi neman itace ta koma yin rabin sa'a. Lokacin ƙarancin abinci na 2005, bayan fari da fara, gidajen da ke da itatuwa sun sami abin sayarwa su sayi hatsi. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a Suwidin, shekarar da aka ba wani manomi ɗan Burkina Faso, Yacouba Sawadogo.

Akwai abu ɗaya da Tappan ya lura da shi wanda ya daɗe yana damuna. Ya ce a hotunan sama ana iya gane iyakar Nijar da Najeriya a wasu wurare ta yawan itatuwa, kuma ɓangaren da ya fi kore shi ne na arewa, na Nijar, inda ruwan sama ya fi ƙaranci. Hausawa ne a ɓangarorin biyu, gero ɗaya suke nomawa. Abin da ya raba su shi ne a hannun wa itacen yake.

Can ƙarshen duniya ta arewa ma, inda teku ke daskarewa ya zama hanya, an yi irin wannan, sanin mutanen gari ya gyara lissafin hukuma. Mutanen wurin, Inuwit, abincinsu na gado farautar teku ne, musamman wani ƙaton dabban ruwa da suke kira agvik, mai shayar da 'ya'yansa nono, wanda ya ninka giwa girma sau da yawa. A 1977 hukumar duniya mai kula da kamun irinsa ta haramta wa Inuwit na Alaska farautarsa, bisa ƙiyasin cewa abin da ya rage bai wuce 600 zuwa 2,000 ba. Masu ƙirgar a bakin ƙanƙara suke tsayawa, suna lissafa wanda suka gani ya wuce ta buɗaɗɗen ruwa. Tsofaffin mafarauta irin su Harry Brower suka ce an yi kuskure: dabbar na bi ta ƙarƙashin ƙanƙara, tana fasa ta da kai ta shaƙi iska, wasu kuma can nesa suke wucewa. A shekarar mafarautan suka kafa hukumarsu, ƙaramar hukumarsu ta ɗauki masana aiki, a shekarun 1980 aka zura na'urorin saurare cikin ruwa. Sai ga kukansu ana ji suna wucewa inda ido bai ga komai ba. Haramci ya koma kaso na shekara-shekara da mafarautan ke kula da shi da kansu, kuma ƙidayar 2011, bayan an gyara hanyar ƙirga kuma dabbar ta ci gaba da hayayyafa, ta ba da kusan 17,000.

Yau a Kanada ma matasan Inuwit ne ke riƙe da irin wannan aiki. A hunturun 2010 an yi ruwan sama a garin Nain na Kanada lokacin da ya kamata a yi sanyi mai tsanani, ƙanƙara ta yi rauni, binciken da aka yi ya nuna mutum 1 cikin 12 na waɗanda aka tambaya ya burma ruwa a hunturun. Daga nan aka kafa shirin SmartICE. Samari da 'yan mata ke haɗa na'urorin auna kaurin ƙanƙara, su ke jan su a kan amalanken ƙanƙara, amma dattawa ke faɗin hanyoyin da za a auna. A garin Mittimatalik akwai shirin matasa mai suna Ikaarvik, wato gada a harshensu, aikinsu shiga tsakanin masu bincike da mutanen gari, don a binciko abin da ya dami mutanen gari. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, yaran gidan kuma su suka iya na'ura da rubutu.

Mu dawo Kaduna. Ruwan da muke samu a shekara ya ninka na Maraɗi fiye da sau biyu. Sunayen unguwanninmu ma kalmomin daji ne: Unguwar Rimi, Kurmin Mashi, Doka, Kawo. Amma duk wanda ke bin hanyar Mando ya san motocin da ke shigowa danƙare da buhunan gawayi, ya kuma ga yadda gandun dajin Afaka ke ja da baya gine-gine da gonaki na cin sa. Tsadar gas da kananzir ta mayar da gidaje da yawa kan gawayi, kuma tsawa da tara ba sa dafa tuwo. Itatuwanmu na nan, doka da kalgo da marke da taura, masu tohowa ne in an sare su. Ke nan a ƙarƙashin gonakin Igabi da Giwa da hanyar Birnin Gwari akwai daji kwance yana jiran wuƙa mai kaifi da dokar da za ta ce wa manomi, abin da ka rena naka ne.

Muna da matasan da za su yi. Akwai kwalejin aikin daji a Afaka, akwai cibiyar nazarin albarkatun ruwa a Mando, ga jami'ar jiha da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ga waya a hannun kowa mai iya nuna inda kowane kututture yake a taswira. Ina so in ga ɗalibanmu sun tafi wurin manomi da mai gawayi da mai maganin gargajiya da makiyayi, sun tsuguna sun yi tambaya, sun ƙirga, sannan sun kai lissafin gaban majalisar jiha lokacin da ake tsara dokar sara da ta gawayi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, gaskiya ne. Amma yaron ne zai rubuta shi da alƙaluman da hukuma ke saurara.

Kalgon bayan gidanmu yanzu ya fi ɗan yayata tsawo. Daga cikin huɗun nan an sare ɗaya an yi ƙotar fartanya, uku na tsaye, masara ta yi kyau a gindinsu. Ranar wata Asabar da ta wuce ya zo da abokan karatunsa biyar, suka je suka gai da dattijon, suka roƙe shi ya sake nuna musu. Ya kai su wani kango a bayan layinmu, ya miƙa wa wata ɗaliba wuƙarsa, ya nuna mata wani kututturen sabara da akuya ta gaigaye.

"'Yata, wanne za ki bari?"

Ta daɗe tana dubawa, sannan ta kama wani miƙaƙƙen toho a gefe. Ya gyaɗa kai ya ce, "Shi ne. To yanka sauran, daga ƙasa zuwa sama."